Amfanin Tunani da Yadda A Ke Wasa Shi

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata magana wadda ba a rasa jinta a makarantunmu, tun daga aji ɗaya har aji shida. Malami ya yi tambaya, yaro ya yi shiru, sai malami ya ce, "Kai, yi tunani mana!" Yaro kuwa ya dubi rufin ɗaki, ya ciji gindin fensir, ya tamke goshi don a ga kamar yana yi. Da za a ja shi gefe a ce ya faɗi abin da a ke nufi da tunanin nan, da wuya ya iya. Laifin kuwa ba nasa ba ne. An koya masa riƙon fensir, an koya masa lissafin sau, amma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda a ke tunani.

Tun da ya ke mu ne za a damƙa wa yaran nan gobe, ya kamata mu fara yi wa kanmu tambaya biyu. Ta ɗaya, mene ne amfanin tunani? Ta biyu, ana iya koyonsa, ko kuwa baiwa ce wadda in ba a haife ka da ita ba shi ke nan? Abin da na ke so in nuna shi ne, tunani sana'a ce kamar ƙira ko saƙa. Yana da matakai, ana koyonsa wurin gwani, yau da gobe kuma ita ke sa hannu ya faɗa.

Don me a ke tunani?

Ba dukan abin da ke kai da kawowa a zuciya ne tunani ba. Mutum ya kan zauna yana saƙa da warwara, yanzu ya ga kansa cikin mota, an jima ya ga kansa a Ingila. Wannan mafarkin ido biyu ne. Wani ya kan kwana yana juyayin abin da ya riga ya wuce, wannan kuwa zulumi ne. Tunanin da mu ke magana a kansa ya kan tashi ne sa'ad da mutum ya ci karo da wata wahala ko wani abin mamaki, ya tsaya, ya bi ta kan abin da ya gani har ya kai ga abin da bai gani ba, sa'an nan ya san abin yi.

Ga misali. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ya fita gona da safe tsakiyar damina, ya tarar ganye ya soma baƙi-baƙi a kunya biyu na wajen kwari. Iyakar abin da idonsa ya gani ke nan. Amma sai ya tuna yau kwana biyar ana yayyafi ba rana, ya tuna bara ma inda laima ke daɗewa nan ciwon ya fara, ya kuma san in ya ƙyale shi mako guda zai cinye gonar. Bai ga ƙwayar cutar ba, bai ga mako mai zuwa ba, duk da haka ya kai gare su da hankalinsa, ya tashi neman magani tun da sauran dama. Shi ya sa masu iya magana suka ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Daga nan za mu iya ganin amfanin tunani iri uku. Na fari, yana sa mutum ya hangi abu kafin ya auko. Na biyu, yana ba shi damar gwada dabara a zuci kafin ya gwada ta da hannu. Maginin da ya rushe bango a tunaninsa bai yi hasarar ko bulo ɗaya ba, amma wanda sai da ya gina ya ga ya karkace, ya yi hasarar siminti da kuɗin lebura. Na uku, da shi a ke rarrabe gaskiya da ƙarya. Dukan ukun nan wuri ɗaya suka nufa, watau aiki. Tunanin da bai kai mutum ga yin wani abu daidai ba, ko ga barin wani abu marar kyau, bai cika ba tukuna. Amfanin hankali aiki da shi.

Labarin mutum-mutumin gonar doya

Don mu ga yadda matakan tunani ke bin juna, bari mu ɗauki wani labari na gaskiya wanda ya faru a ƙasarmu ta haƙar kuza.

A shekarar 1928, masu haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu mai kama da kan biri. Baturen da ke da wurin, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos, aka ajiye a ɗakin ajiya na ma'aikatar ma'adinai. Nan ya zauna shekara da shekaru, ana wucewa ana kallonsa.

A 1943 aka sake tono wani kai, wannan karon na mutum, a wani ramin kuza kusa da Jama'a. Wani akawun kamfanin ya ɗauka ya kai gida, ya kafa shi a kan sanda cikin gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumi. Ya yi wajen shekara guda a can yana gadin doya, kāna manajan wurin ya gan shi, ya karɓa ya kawo Jos, ya nuna wa wani saurayin Baturen mulki mai suna Bernard Fagg, wanda ya koyi ilimin binciken kayan mutanen dā a Jami'ar Kambirij.

To, ku dubi abin da Fagg ya yi, mataki mataki.

Da fari ya lura. Bai tsaya ga cewa "kai ne na yumɓu" ba. Ya dubi yadda aka yanka idanu, da hudar da aka yi a ƙwayar ido da hanci, da irin gyaran gashin, da irin yumɓun.

Na biyu, ya kwatanta. Ya tuna da ɗan kan nan da ke ajiye tun 1928, ya ga aikin ya yi kama, ko da ya ke tsakanin wuraren da aka samo su akwai tafiya.

Na uku, ya yi tambaya. Me ya sa abu biyu da aka tono a wurare dabam-dabam, daga ƙarƙashin ƙasa mai zurfi, za su yi kama haka? Ruwa ba ya tsami banza.

Na huɗu, ya yi zato. Watakila akwai wata al'umma da ta zauna a dukan yankin nan a zamanin dā, mai hannu ɗaya wajen ginin yumɓu, wadda aka mance da ita.

Na biyar, ya nemi shaida. Nan ne mutane da yawa su kan gaza, don zato yana da daɗi, neman shaida kuwa akwai wahala. Fagg ya ce wa kansa, in zaton nan gaskiya ne, lalle akwai sauran irinsu a waɗansu ramukan. Sai ya bi wuraren haƙar kuza yana roƙon ma'aikata su daina zubar da irin waɗannan abubuwa, su riƙa kawowa. Da taimakon leburori da akawuna da manajoji ya tara kusan 200. Ya sa wa al'ummar sunan Nok, sabo da ƙauyen da aka fara samu. Shi ne kuma ya tsaya har aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi na Jos a 1952.

Amma da sauran wata matsala. Kuzar da a ke haƙa a kwaruruka ruwa ne ya kwaso ta ya jibge, tare da duk abin da ya tarar a hanya. Ke nan kawunan nan ba a inda masu su suka bar su aka same su ba, sabo da haka ba a iya tabbatar da shekarunsu ta wurin abin da ke kwance kusa da su. Fagg bai rufe ido ga wannan rauni na hujjarsa ba. Ya yi ta neman wurin da ruwa bai dama ba, har ya samu a Taruga, kusa da Abuja, inda ya yi tono a shekarun 1960. A can ya sami gutattsarin gumakan Nok tare da murhu 13 na narka tama, da gawayi a ciki.

Gawayin nan shi ya ba da shekaru. Ga yadda abin ya ke. Ko wane itace, muddin yana da rai, yana ɗaukar wani sinadari daga iska wanda a ke kira kabon 14. Ran da aka sare shi sai ya daina, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa a hankali, rabinsa ya kan ƙare cikin shekara 5,730. In an auna abin da ya rage, sai a san lokacin da itacen ya mutu. Wani masani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya gano wannan dabara a ƙarshen shekarun 1940. Da aka auna gawayin Taruga, sai ya nuna an hura wutar nan tsakanin ƙarni na 5 da na 3 kafin haihuwar Almasihu. Ashe mutanen tsakiyar Nijeriya suna narka ƙarfe tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Mataki na shida shi ne gyara, shi ne kuwa ya fi wuya ga mai girman kai. An daɗe ana rubutawa a littattafai cewa zamanin Nok ya kama daga wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu zuwa 200 bayanta. Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya, suka tona wurare masu yawa, suka auna samfuri da dama. Suka ga mutanen Nok sun fara zama a yankin tun wajen 1500 kafin haihuwar Almasihu, ginin gumaka ya zo daga baya wajen 900, suna kuma noman gero da wake. A 2021 har aka sami alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. An gyara lissafin Fagg ke nan, da irin hanyar da shi kansa ya bi. Wannan ba abin kunya ba ne gare shi. Haka sani ke ci gaba.

Akwai abu biyu da na ke so mu riƙe daga labarin nan. Na ɗaya, kada mu raina akawun nan. Shi ma ya yi tunani: yana da matsalar ɓarna a gona, ya ga abu mai kama da mutum, ya haɗa biyun ya sami magani. Da bai ɗauke shi ba ma, watakila da an farfasa shi cikin tsakuwa. Bambancinsa da Fagg shi ne irin tambayar da ko wannensu ya yi. Shi ya ce, "Me zan yi da wannan?" Fagg ya ce, "Wa ya yi wannan, yaushe?" Irin tambayarka, irin amsarka.

Na biyu, tunani ba ya yiwuwa da kai wofi. Da Fagg bai taɓa karatun kayan dā ba, bai kuma riƙe kamannin kan farko a ransa ba, da ba shi da abin da zai kwatanta. Sabo da haka masu cewa hadda ba ta da amfani sun yi kuskure. Hadda ita ce tara hatsi a rumbu, tunani kuwa shi ne daka da tuƙi. Aibin shi ne a cika rumbu a bar yaro da yunwa.

Ran da aka sha gishiri

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen masana ne, ina ruwan talaka da shekarun gunki? Sabo da haka bari mu dubi wani abin da ya taɓa ko wane gida, har nan Jos, inda rashin bin matakan nan ya jawo hasarar rai.

Ran 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Ikko, watau Legas, ba shi da lafiya. Aka kai shi asibiti, aka fara yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Likita Ameyo Stella Adadevoh ta lura alamun sun wuce na zazzaɓin da aka saba, ta kwatanta da abin da ta sani game da ƙasar da ya fito, inda cutar Ebola ke kashe mutane a lokacin, ta yi zato, ta sa aka ɗibi jini aka auna. Aka matsa mata ta sallame shi don ya tafi taro Kalaba, ta ƙi. Awo ya tabbatar da zatonta. Ita kanta ta kamu, ta rasu ran 19 ga Agusta. Amma sabo da an tsare cutar da wuri, mutum 20 kaɗai ta kama a Nijeriya duka, 8 suka mutu, ran 20 ga Oktoba 2014 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da ita.

A cikin wannan tsakani, farkon watan Agusta, wani saƙo ya bazu ta wayar hannu cikin dare ɗaya, wai a tashi kafin asuba a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha, wai shi ne rigakafin Ebola. Ɗa ya bugo wa uwa, maƙwabci ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Jaridu suka ba da labarin an kwantar da mutum wajen 20 a asibitocin Jihar Filato, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce aƙalla mutum 2 sun mutu a Nijeriya sabo da shan ruwan gishiri. Cutar kanta kuwa ba ta wuce Ikko da Fatakwal ba. Ke nan a nan kan dutse, jita-jita ta yi ɓarnar da Ebola ba ta yi ba.

Tambaya uku kaɗai da sun isa. Wa ya faɗa? Ta yaya ya sani? In gishirin da ke ko wane madafi yana hana cutar nan, me ya sa ta ke kashe likitoci a Laberiya da Saliyo, ko can ba su da gishiri ne? Yaron aji biyar zai iya yin waɗannan tambayoyi, in an saba masa. Likitan nan da masu shan gishiri duk tsoron abu ɗaya su ke yi, a lokaci ɗaya. Ita ta bi matakai, su suka tsallake.

Abubuwan da ke dushe tunani

Kafin a wasa wuƙa, ya kamata a san abin da ke dasashe ta. Na ga guda huɗu sun fi yawa a cikinmu.

Gaggawa. Amsar da ta fara faɗo wa mutum a rai ita ya kan kama, don ta zo ba wahala.

Son zuciya. In labari ya yi daidai da abin da mu ke so ya zama gaskiya, musamman in ya ɓata waɗanda ba mu shiri da su, ba mu kan nemi shaida ba. Mu mazaunan Jos, da muka ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, mun san abin da "an ce" ke iya jawowa a gari mai kabilu da addinai dabam-dabam.

Bin yawa. Kowa yana yi, sabo da haka daidai ne. Daren gishiri ya isa misali.

Kunya da tsoro. An hore mu da ladabi ga manya, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma yaro ya kan ɗauka tambaya rashin kunya ce, sai ya haɗiye ta. Aikinmu ne mu nuna masa ana iya cewa, "Malam, gafara dai, ta yaya aka san haka?" cikin ladabi, ba a raina kowa ba.

Yadda malami zai wasa nasa

Wanda ba shi da abu ba ya bayarwa, sai mu fara da kanmu. Ga waɗansu dabaru da ba su bukatar ko kwabo.

Ka riƙa rarrabe abin da ka gani, da abin da ka ji, da abin da ka zata. "Audu bai zo makaranta ba yau" gani ne. "An ce ya tafi tallan tumatir" ji ne. "Ba ya son karatu" zato ne. Yawancin rashin adalcin da a ke yi wa yara daga cuɗa ukun nan ya ke fitowa.

Ko wace matsala, ka nemo mata dalili aƙalla uku kafin ka zaɓi ɗaya. Yarinyar da ba ta kwafe aikin allo daidai, mai yiwuwa wasa ta ke yi, mai yiwuwa ba ta iya karatu ba, mai yiwuwa kuma idonta ne ba ya gani daga nesa. Ka dawo da ita layin gaba kwana biyu, ka ga wanne ne.

Ka tambayi kanka, "Me zan gani wanda zai nuna mini zatona ba daidai ba ne?" Sa'an nan ka tafi neman wannan abin musamman. Neman abin da zai goyi bayanka kowa ya iya.

Ka rubuta. Magana a zuci ta kan yi kamar ta haɗu, sai an sa ta a takarda a ke ganin inda ta yage. Ka kuma sami aboki wanda ba ya jin nauyinka, ka shimfiɗa masa hujjarka ya nemi ramukanta.

Ka yi ta karatu, har abin da ba ya cikin jarrabawa, ka kuma zauna da tsofaffi da masu sana'a. Rumbu ke nan ka ke cikawa. Kada kuma ka yanke babbar shawara kana cikin fushi, ko yunwa, ko rashin barci.

Yadda zai wasa na yara

Wani malami Ba'amurke, John Dewey, ya rubuta littafi a 1910 a kan yadda mutum ke tunani. Gindin maganarsa shi ne, tunani ya kan fara ne inda mutum ya ji ya rikice, kamar matafiyi a mararraba. In haka ne, malamin da ke ba da amsa kafin yaro ya ji ƙaiƙayin tambaya ya hana shi abin da zai tayar masa da tunani. Sai mu koyi fara darasi da matsala.

A darasin labarin ƙasa, maimakon ka rubuta a allo cewa Jos tana da sanyi don tana kan tudu, ka tambaye su, "Me ya sa mu ke sa rigar sanyi a Jos, mutanen Shendam kuwa suna fifita, alhali jiharmu ɗaya?" Wani zai ce sabo da duwatsu, wani ya ce sabo da ruwan sama, wani ya ce tsawo. Ka rubuta duka, kada ka yi wa kowa dariya. Sa'an nan a gwada. In duwatsu ne, ai gindin dutsen Zuma ma akwai dutse, ga shi kuwa ana zafi. A buɗe taswira a ga Jos tana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, watau kimanin mita 1,200, a nemi waɗansu wurare masu tsawo, kamar Pankshin da tsaunin Mambila, a tambaya ko can ma da sanyi. In sun kai ga amsar da ƙafarsu, sai ka ƙara musu cewa iska ta kan yi sanyi da kimanin digiri 6 a ko wane hawan mita 1,000. Wannan darasi ba za su mance da shi ba.

Ko kuma ka ce, "Ruwan da ya zuba a kan dutsen nan jiya, ina ya tafi?" Su bi kogin Dilimi a taswira su ga ya nufi arewa, ruwansa ya shiga kogin Jama'are ya bi hanyar Tafkin Cadi. Su bi kogin Kaduna su ga ya faɗa Kwara, kogin Gongola kuma ya faɗa Binuwai a Numan, su biyun suka ƙare a teku. Sa'an nan ka tambaye su abin da wannan ya nuna game da tudun da mu ke zaune a kai.

A darasin kimiyya, gwangwanin madara huɗu da ƙwayar wake sun isa. Ɗaya a ba shi ruwa a sa a haske, ɗaya a hana shi ruwa, ɗaya a ba shi ruwa a rufe a akwati, ɗaya a nutsar da waken cikin ruwa. Kafin a fara, ko wane yaro ya rubuta abin da ya ke zato zai faru. Bayan kwana goma a duba. Wanda zatonsa bai fita ba, a yaba masa in ya iya faɗin abin da ya koya, don ya san gyara ra'ayi ba faɗuwa ba ce.

A darasin Hausa muna da kayan aiki tun na kakanni. Kacici-kacici yana koyar da kwatance. Dara tana koyar da hangen abin da abokin wasa zai yi kafin ka ɗaga ɗanka. Karin magana ma haka. Ka rubuta "Sannu ba ta hana zuwa" a gefe ɗaya na allo, "Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe" a ɗaya gefen, ka ce, "Duka biyu maganar manya ce, ga shi sun saɓa. Yaushe wannan ke da gaskiya, yaushe waccan?" Za ka sha mamakin abin da zai fito daga bakin yara.

In yaro ya kasa bayani da Turanci, ka bar shi ya yi da Hausa, ko Birom, ko Angas, ko harshen da ya tashi da shi, sa'an nan a taimake shi ya juya. Sau da yawa tunanin yana nan, kalmomin ne babu.

Abu na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, watau jira. Wata malama Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin darussa masu yawa, ta auna, a farkon shekarun 1970 ta nuna cewa yawancin malamai ba su kan jira fiye da kamar sakan 1 bayan sun yi tambaya ba. Da aka koya musu su jira sakan 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba su kan ɗaga hannu ba suka soma ɗagawa, yara kuma suka fara kawo dalili. Ka yi tambaya, ka ƙirga uku a zuci, kāna ka kira suna. In an amsa, daidai ko ba daidai ba, ka ce, "Ta yaya ka sani?"

Na san akwai wahala. Aji ya cika, manhaja tana da tsawo, jarrabawa kuma tana tafe, hadda ce hanyar da ta fi sauri. Ba na ce a watsar da manhaja ba. Amma ko tambaya ɗaya tak irin wannan a ko wane darasi, in an lizimce ta shekara shida, ta isa ta canja yaro. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaran da za mu koyar za su gamu da matsalolin da ba su cikin ko wane littafi da mu ke da shi yanzu, za a kuma aiko musu da saƙonni cikin dare waɗanda ba mu nan balle su tambaye mu. Abin da za mu iya ba su guzuri shi ne sabo da lura, da tambaya, da neman shaida.

Sabo da haka, 'yan'uwa, in lokacin gwajin koyarwa ya zo, kowa ya zaɓi dabara ɗaya daga cikin waɗannan ya gwada a ajinsa, ya rubuta abin da ya gani, mu zo mu kwatanta. Wanda kuma aka tura makarantar da ke kusa da gari, ya nemi izinin hedimasta ya kai yaransa gidan kayan tarihi na Jos, ya tsai da su gaban kayan Nok, kada ya gaya musu kome tukuna, ya ce su faɗi abin da suka gani. Allah ya ba mu haƙurin jiran amsarsu.